Taku 114: Daga Ƙodagon Goruba Zuwa Ƙwallon Lambu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Ruma kafin al'amura su dagule ya san abin da kaka take kawo wa yara. Da zarar an gama yankan gero da dawa, an kwashe dammuna an zuba a rumbu, sai gonaki su koma fili fetal, ba mai hana ka gudu a ciki. A lokacin ne Fulani suke saukowa da shanu daga bakin Dajin Rugu, su ci kara da ragowar harawa, su bar wa mai gona taki. Iyayenmu maza suna murna da takin, iyayenmu mata suna murna da nono da man shanu, mu kuwa murnarmu ta abokan wasa ce.

Wasanmu ƙwallon gora ne. Kowa ya shiga jeji ya saro reshe mai lanƙwasa a baki kamar ƙotar fartanya, ya fere shi, ya ɗan gasa bakin a wuta don ya yi tauri. Ƙwallo kuwa ba a saye, ƙodagon goruba ne bayan an gaigaye zaƙin tas. In mun yi yawa sai mu rabu gida biyu mu yi ta kora har magariba, a koma gida da kumburin ƙwauri. In ba mu kai ba, sai a yi wanda muka fi so, wato "wa ya fi nisa". Akwai wani suri a gefen gonar kakan ɗayanmu. Nan ake tara 'yar ƙasa a ɗora ƙodago, kowa ya yi bugu uku, a ƙirga taku daga surin zuwa inda ƙodagon ya tsaya. Mutum ɗaya ne yake ƙirga wa kowa, domin mun sha faɗa a kan masu gajarta taku in an zo kan nasu bugun.

Mu uku ne muka taso tare a wannan ƙauye da ke tsakanin Batsari da Safana, kuma Allah ya sa har yanzu muna tare, ɗaki ɗaya muke haya a Samaru muna karatu a Zariya. A cikinmu akwai ƙato, wanda tun yana aji shida na firamare yake taya babansa loda rogo a mota ranar kasuwa. Shi ne zakaranmu. Bugunsa yakan kai taku 70, ranar sa'a 75. Sauran mu biyun muna lilo tsakanin 50 da 60.

Sai ga wani yaro daga rugar da take sauka a gonar kowace kaka. Sa'anmu ne, siriri kamar sillen kara, in ya tsaya cikin iskar hunturu sai ka ji tsoron kada ta tafi da shi. In zai yi bugu ba ya cije leɓe, ba ya hura hanci, ba ya ja da baya ya rugo da gudu kamar yadda muke yi. Tsayawa yake yi ya ɗan buɗe ƙafafu, ya kai sanda baya a hankali kamar mai jin kasala, har bayansa ya kusa fuskantar inda zai buga. Daga nan ba ka ganin komai, sai dai ka ji iska ta yi kuka, ka ji ƙwas! Ƙodago ya tafi. Taku 90, taku 100, abin yau da kullum ne a wurinsa. Wata rana a hunturun 2017, ƙodagonsa ya faɗi ya yi ta gangarawa har ya daki saiwar kukar da ke iyakar gonar. Mai ƙirga ya je ya dawo, ya sake komawa, don mun ƙi yarda. Taku 114.

Muka ce laya ce. Ya cire layar ya ajiye a kan suri ya buga, ba abin da ya canza. Muka ce sandarsa ce. Ya karɓi ta ƙatonmu, ya ɗan jijjiga ta, ya ce ta yi nauyi, amma duk da haka ya wuce mai ita da taku 20. Daga ƙarshe muka yanke hukunci cewa nono ne. Mako guda muka yi muna haɗa kuɗin tara muna sayen kindirmo, ba abin da muka samu sai gyangyaɗi a aji. Da muka matsa masa ya faɗa mana sirrin, sai ya yi dariya ya ce, "Ku Haɓe faɗa kuke yi da sanda. Ku bar ta ta tafi mana." Muka ɗauka rowa ce yake yi mana.

Abin da ya biyo baya ba sai mun tsawaita ba, da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi sun gani da idonsu. Satar shanu da su ta fara kafin ta iso kanmu. A daminar 2019 rugarsu ta tashi bayan an kore musu fiye da rabin garke, aka ce sun yi kudu. Ba mu yi sallama ba, domin a lokacin an riga an hana mu zuwa inda suke, su ma an hana su zuwa inda muke. Shekarar da ta biyo, gidajenmu suka koma cikin garin Batsari. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara, aka rufe makarantu, muka zauna a gida. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a Batsari da Safana da wasu ƙananan hukumomin jihar. A irin wannan hali wa zai tuna da ƙodago? Muka manta da shi, muka rungumi littattafai, don su kaɗai ne hanyar fita da muke gani.

Bara cikin hunturu ne maganar ta dawo ta inda ba mu zata ba. Wani abokin karatunmu ɗan Sabon Gari yana da ƙane ɗan aji biyu na babbar sakandare, wanda ranakun Asabar da Lahadi yake zuwa filin ƙwallon lambu na Zariya yana ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna, yana samun na littafi da na sabulu. Ƙwallon lambu shi ne wanda Turawa suke kira golf. Fili ne mai faɗi da ramuka 18, ɗan wasa yana bin 'yar farar ƙwallo daga rami zuwa rami, wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ya ci. An yarda mutum ya riƙe sanduna har 14 a jaka, kowace da aikinta. Wadda ta fi tsawo, mai ƙaton kai, ita ake fara bugu da ita don a ci nisa, kuma yaran da suke ɗaukar jaka "direba" suke ce mata, kamar mai tuƙa mota. Wasan ya girma ne a Sikotilan, inda a 1457 Sarki James na Biyu ya taɓa hana shi don samari sun bar koyon harbin baka sun koma bugun ƙwallo. Da muka ji wannan sai muka tuna da yadda malamin allo yake biyo mu gona da dorina.

Gaskiya ɗaya ce, a ƙasar nan wasan masu hali ne. Sabuwar direba guda ɗaya ta fi kuɗin makarantarmu na shekara. Amma yaran da suke ɗaukar jaka su ma suna da tsofaffin sanduna da aka bar musu, kuma da sassafe kafin manya su zo sukan tsaya can gefe su yi ta gwaji. Yawancin ƙwararrun 'yan wasan Najeriya ta wannan ƙofa suka shigo. Yaron ya ce mu zo mu gani. Muka je muna taƙama, muna cewa ai mu 'yan ƙwallon gora ne tun muna yara, ƙwallon da take zaune wuri ɗaya ba ta gudu, ba mai kare ta, wace wahala gare ta? Ashe kallon kitse muka yi wa rogo, mu da muka fito daga garin rogo.

Ƙatonmu ne ya fara. Ya naɗe hannun riga, ya damƙi direba har jijiyoyin hannunsa suka fito, ya ɗaga ya sauke da duk ƙarfin da Allah ya ba shi. Ƙwallo tana nan zaune a kan ɗan tsinkenta, ko motsi ba ta yi ba. Na biyu ya tono ƙasa, ƙura ta turnuƙe mu. Na uku ya same ta a ka, ta bi ƙasa tana tsalle kamar kwaɗo, ta karkata dama ta shige ciyawa, ba ta kai mita 60 ba. Mu biyun da muke dariya, da aka zo kanmu ba mu ma kai nan ba.

Yaron ya karɓi sandar. In an auna, nauyinsa ba zai wuce rabin na ƙatonmu da kaɗan ba. Ya ɗan buɗe ƙafafu, ya kai sanda baya a hankali, bayansa ya juya. Iska ta yi kuka. Ƙwallo ta tashi ƙasa-ƙasa, sai kuma ta ci gaba da hawa kamar shirwa ta samu iska, ta yi jim a sama, ta sauka can bayan alamar mita 200, ta ci gaba da gudu a kan busasshiyar ƙasa. Mu uku muka kalli juna. Ba wanda ya ce komai, amma kowa ya san wanda ya tuna.

"Yaya," in ji shi ga ƙatonmu, "ka riƙe ta kamar za ka kashe maciji. Sassauta. Ba riƙon sakainar kashi ba, amma dai wuyan hannunka ya samu sakewa. Kuma ba da hannu ake farawa ba, da ƙugu ake farawa. Hannu ɗan rakiya ne." Ya ɗauko alli ya goga a fuskar sandar, ya ce a sake bugu. Da aka buga ya nuna mana tabon da ƙwallon ta bari, can gefe kusa da wuyan sanda. Nasa tabon kuwa yana tsakiya, ɗaya a kan ɗaya. Ya ce, "Sandar ta san aikinta, Yaya. Kai dai kada ka hana ta."

Biyu daga cikinmu Fiziks muke karantawa, saboda haka abin ya yi mana ciwo ta fuska biyu. Ga shi yaron sakandare ya kunyata mu, ga shi kuma abin da ya faɗa yana cikin littattafan da muke kwana a kansu, amma ba mu taɓa haɗa su da sanda da ƙodago ba. Daren nan ba mu yi karatun jarrabawa ba, lissafin ƙwallo muka yi. Ga abin da muka samu, kuma duk mai kalkuleta zai iya bin mu ya duba.

Dokar wasan ta ce nauyin ƙwallo kada ya wuce giram 45.93, a ce 46. Kan direba yana da nauyin giram 200 ko kusa da haka. In abu mai nauyi ya daki mara nauyi da ke tsaye, darasin karo ya ba mu hanyar gano saurin da ƙaramin zai tashi da shi: a raba nauyin kan sanda da jimillar nauyin biyun, a ninka da 1.83, sannan a ninka da saurin kan sandar. Wannan 1.83 ɗin daga danƙon karon yake fitowa, wato yadda fuskar sanda take maido da ƙwallo, kuma doka ta ƙayyade iyakarsa. To, 200 a raba da 246, a ninka da 1.83, zai ba ka kusan 1.49. Ma'ana ƙwallo tana tashi da saurin da ya ninka na sanda sau ɗaya da rabi. Yanzu ka ce kai ƙato ne, a ba ka sanda mai kan giram 400. Sake lissafin: 400 a raba da 446, a ninka da 1.83, ya ba ka 1.64. Ka ninka nauyi sau biyu, ribar da ka samu kashi 10 cikin 100 ce kacal, kuma wannan in ka iya wulwula ta da saurin da kake wulwula mara nauyin ke nan, abin da ba zai yiwu ba. Amma ka bar nauyi yadda yake ka ƙara saurin sanda da kashi 10, ƙwallo ma ta ƙara kashi 10 cif. A nan muka gane abin da abokinmu na ruga yake nufi ranar da ya jijjiga sandar ƙatonmu ya ce ta yi nauyi. Mu a lokacin gani muke yi wanda ya saro reshe mafi kauri shi ya fi wayo.

To daga ina saurin yake fitowa, tunda ba daga damtse ba ne? Duk wanda ya taɓa korar tsuntsaye a gonar gero da majajjawa ya san amsar a jikinsa. Hannunka ɗan ƙaramin zagaye yake yi, amma dutsen da ke ƙarshen igiya babban zagaye yake yi cikin lokaci ɗaya, don haka ya fi hannun sauri nesa ba kusa ba. Bulala ma haka take, motsi yana farawa daga kauri ya gangara zuwa siriri, har bakinta ya wuce saurin sauti, shi ne ƙarar da kuke ji. Da aka maƙala wa ƙwararrun 'yan ƙwallon lambu na'urori aka auna, an ga jikinsu yana bin tsari iri ɗaya. Ƙafa ta danna ƙasa, ƙugu ya juya ya kai iyakar saurinsa ya fara lafawa, ƙirji ya karɓa, hannuwa su karɓa daga ƙirji, wuyan hannu ya saki sanda a ƙarshe. Kowane yana miƙa wa na gaba, na gaban kuma ya fi na baya sauri. In ka damƙe sanda kamar ƙatonmu, ka kulle wuyan hannu, ka yanke sarƙar a mahaɗinta na ƙarshe, wanda shi ne ya fi kowanne amfani. Ku lura da tsohon da ya daɗe yana faskare, gatarinsa kamar da kansa yake faɗawa, saurayi kuwa yana ta nishi itace yana nan.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne gajartar lokacin haɗuwar. Ƙwallo da sanda suna manne da juna na kimanin rabin kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan. Kafin girgizar ta hau sanda ta iso tafin hannunka ka ji ka buga, ƙwallo ta riga ta yi gaba. Saboda haka duk wani cije baki da turawa da mutum zai yi a daidai lokacin bugu, aikin banza ne. Abin da ka tara kafin haɗuwar shi kaɗai za a biya ka. Kuma ba za a biya ka duka ba sai ka samu tsakiyar fuska. In ka kauce, kan sanda ya murɗa, wani ɓangare na ƙarfin ya tafi a murɗawar, ƙwallo ta karkace. Mu 'yan ƙodago mun san wannan tun tuni. Bugun da ya kauce shi ne yake ratsa hannu da zafi har kafaɗa, wanda ya yi daidai kuwa ba ka ma jin ka taɓa komai.

Sai maganar digiri 45. Duk ɗan ajin kimiyya ya haddace cewa jifa ta fi nisa in ta tashi a kan digiri 45, mu ma mun rubuta haka a jarrabawar WAEC an ba mu maki. Amma ƙwallon yaron nan ƙasa-ƙasa ta tashi. Ƙwararru ma haka suke yi, bugun direbansu yakan tashi a kan digiri 11 ko kusa da haka, da saurin kimanin mita 75 a sakan, wato kilomita 270 a awa. Mu sa wannan a lissafin aji. Saurin a ninka shi da kansa, a raba da 9.8, ya ba da mita 574, nisan da za a samu ke nan a digiri 45. A digiri 11 kuwa lissafin ya ce mita 215. Amma a fili, ƙwallon tana yin kimanin mita 250 a sama kafin ta taɓa ƙasa. Ta gaza na farko nesa, ta kuma wuce na biyu. Ba malaminku ne ya yi ƙarya ba. Akwai wani ɗan sharaɗi da ake rubutawa a farkon tambaya, wanda dukkanmu muke tsallakewa, cewa a ɗauka babu iska. A duniyar da muke ciki akwai iska, kuma aiki biyu take yi. Tana danne ƙwallo ta gaba, shi ya sa 574 ba ya samuwa. Tana kuma ɗaga ta sama, saboda fuskar sanda a ɗan kwance take, don haka ƙwallon tana tashi tana juyawa da baya, kimanin sau 2,500 a minti ɗaya. Juyin nan yana tura iska ƙasa, iska kuma ta tura ƙwallo sama. Shi ne hawan shirwar da muka gani. Wani malamin Fiziks a Jami'ar Edinbara, Peter Guthrie Tait, shi ya zauna ya yi wannan lissafi tun a shekarun 1890.

'Yan ramukan da ke jikin ƙwallon ma ba ado ba ne. Yawanci sukan kai tsakanin 300 da 500. A ƙarni na 19, lokacin da aka fara yin ƙwallo da ƙaron wata bishiya, sumul ake yin ta, sai 'yan wasa suka lura tsohuwar da ta sha duka ta yi tabo ta fi sabuwa nisa. Daga nan aka fara sassaƙa ta da gangan. Ramukan suna sa iska ta manne wa ƙwallo ta zagaya har bayanta, jan da take yi mata ya ragu. Ƙwallo mai santsi ba ta wuce kusan rabin nisan mai ramuka.

Kada a ce mun ce ƙarfi ba shi da amfani, don ƙatonmu ya yi ta wannan gardama har tsakar dare, kuma yana da hujja. Akwai wani Ba'amurke, Bryson DeChambeau, wanda shi ma Fiziks ya karanta a jami'a. Ya ƙara kusan kilo 20 a jikinsa da gangan, ya zama wanda ya fi kowa nisa a gasar ƙwararru ta Amurka a 2020, ya kuma ci babban kofin ƙasar a shekarar. Sai dai duk atisayen da ya yi na neman sauri ne, kuma daga baya da kansa ya rage ƙibar don ta taɓa lafiyarsa, ya sake cin kofin a 2024. Wanda ya kafa tarihin nisa a 2023 kuwa, Rory McIlroy na Ayilan ta Arewa, tsawonsa mita 1.75 ne, ba zai fita daban ba a cikin layin ɗaliban ajinmu. Matsakaicin bugunsa a shekarar yadi 326 ne, kusan mita 298, ya kusa tsawon filin ƙwallon ƙafa uku. Misalin da ya kashe bakin ƙatonmu shi ne na ɗan sama-jannati Alan Shepard, wanda ya buga ƙwallon lambu a kan wata a Fabrairun 1971. Can babu iskar da za ta danne ta, jan ƙasa kuma kashi ɗaya cikin shida ne na namu. Amma rigar da ya sa ta hana shi juya jiki, da hannu ɗaya ya buga. Da aka sake nazarin hotunan a 2021, an gano mafi nisan bugunsa bai wuce mita 37 ba. Ko mu 'yan taku 60 mun kusa kamo shi.

Mun koma filin sau huɗu kafin hutu. Ba mu zama 'yan wasa ba, ba kuma za mu zama ba. Amma a zuwa na ƙarshe ƙatonmu ya sassauta hannu, ya bar ƙugu ya ja gaba, tabon alli ya fito a tsakiya, ƙwallo ta wuce alamar mita 200 da kyau. Ya tsaya yana kallon hannuwansa, ya ce wallahi bai ji ya buga komai ba.

Da aka yi hutu muka koma Batsari. Ƙannenmu da aka haifa daf da tashinmu daga ƙauye ba su san ƙwallon gora ba, ba su taɓa ganin an yi ba. Muka sayo goruba muka ba su suka gaigaye, muka samo rassa muka fere, muka aro tef ɗin awo wurin wani magini, muka tafi filin makarantar firamare da la'asar. Muka nuna musu riƙo da tsayuwa, muka hana su rugowa da gudu. Wata ƙanwarmu 'yar shekara 11, wadda da ƙyar aka yarda ta shiga, ita ta fara gane abin, ta wuce yayyenta maza biyu, aka yi ta rigima.

Sannan muka sa wani ƙane ɗan shekara 12 ya yi taku goma muka auna, ya ba mu mita 6. In haka ne, taku 114 ya zama mita 68 da 'yan kai. Ƙatonmu ya ɗora ƙodago, ya yi bugu uku. Na ukun ya kai mita 71. Muka yi ta ihu muna cewa bayan shekara da shekaru an karya tarihi. Sai na ukunmu, mai karanta aikin gona, wanda ba ya son a yi murna da wuri, ya ce ai wanda ya ƙirga mana a 2017 dogo ne, takunsa zai fi na wannan yaro. Ya kuma ce mai tarihin a lokacin ɗan shekara 12 ne, yanzu shi ma ya kai 20, in yana riƙe da sanda a inda yake, Allah kaɗai ya san inda ƙodagonsa yake faɗawa.

Hanya ɗaya ce ta raba gardamar. Masu zuwa wajen sun ce kukar tana nan, surin ma yana nan, ya ma ƙara girma tunda ba mai noma gonar. A kan babur tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Da dare muka sami baban ƙatonmu a zaure, muka gaishe shi, muka ce muna so mu je mu dawo kafin azahar, awo kawai za mu yi. Ya dubi tef ɗin da ke hannunmu, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya ko yaron da muke magana shi ne ɗan siririn nan da uwarsa take kawo man shanu ranar Juma'a. Muka ce shi ne. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ku mayar wa magini da abinsa. Ba bana ba."